ABINCIN MAI JEGO: A TANADE SHI TUN KAFIN RANAR BUƘATA

 Darasinmu na wannan fitowa a kan abincin mai jego ne: yadda za a dafa shi tun da wuri, a adana shi a firiza, a kuma ba ta shi ba tare da ya zame mata cuta ba.

Gabatarwa

Kowa ya san yadda gidan haihuwa yake a makon farko. 'Yan barka na shiga suna fita, tukunya ba ta sauka daga murhu, ga ƙauri, ga naman ragon suna. Amma da an watse daga taron suna sai gida ya yi tsit. Wadda ta yi sa'a ta tafi wankan gida, ko an aiko mata da tsohuwa mai zaman jego, to ta huta. Sai dai a yau mata da yawa suna haihuwa ne a garin da ba su da kowa, wasu a ɗaki ɗaya na haya, maigida kuma ya fita nema tun da sassafe.

A wurin awon bayan haihuwa nakan tambayi mai jego, "Maman jariri, me kika ci tun safe?" Amsar da na fi ji ita ce shayi da burodi. Ba don babu hatsi a gidan ba, sai don babu mai dafawa, ita kuma ba ta iya tsayuwa a gaban murhu, musamman wadda aka yi wa tiyata ko aka yi mata ƙari. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka tun kafin naƙuda ya kamata a san abin da mai jego za ta ci daga ranar suna zuwa arba'in.

Me ya sa abincin mai jego yake da muhimmanci?

'Yar uwa, jikinki yana da manyan ayyuka guda uku bayan haihuwa.

1. Mayar da jinin da ya zuba. Ko a haihuwar da ta zo lafiya, mace kan rasa jini har kusan rabin lita, sannan jinin biƙi ya ci gaba na wasu makonni. Mata da yawa kuma da ma da ƙarancin jini suke shiga ɗakin haihuwa.

2. Warkar da rauni. Mahaifa tana komawa yadda take cikin mako shida. Ɗinkin ƙari ko na tiyata yana buƙatar abinci mai gina jiki kafin ya haɗe.

3. Samar da nono. Jariri sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kalori kusan 500 a kullum, wato kamar ƙarin kwanon abinci ɗaya a kan wanda ta saba ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo. Uwar da take kwana da yunwa za ta sha wuya kafin ta cika wannan wa'adi.

Saboda haka kowane kwanon da za a tanadar miki ya kamata ya haɗa abubuwa huɗu: mai ba da ƙarfi (gero, dawa, masara, shinkafa, acha, doya), mai gina jiki (wake, nama, kifi, kaza, ƙwai, gyaɗa, waken soya), ganye da kayan lambu (zogale, alayyahu, rama, kabewa, karas), da ɗan mai kaɗan (man gyaɗa ko manja).

Yaushe za a fara?

Lokaci mafi dacewa shi ne ƙarshen wata na takwas, wato mako na 34 zuwa na 36, domin daga mako na 37 haihuwa na iya zuwa kowace rana. Miya da farfesu suna kai wata biyu zuwa uku a firiza mai aiki sosai ba su canza ba. Idan kika lissafa, abin da aka dafa a mako na 35 zai kai ki har ƙarshen arba'in.

Kada ki tsaya yini guda kina girki da tsohon ciki. Hanya mafi sauƙi ita ce duk ranar da za a yi miyar gida a ninka ta, a ci rabi a adana rabi. Roba 14 zuwa 20 sun isa a fara da su. Idan unguwarku ba ta samun wuta sosai, kada ki tara da yawa. Gara 'yan uwa su raba kwanaki a tsakaninsu, kowace ta kawo na kwana biyu ko uku bayan an haihu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abincin da yake jure firiza

1. Farfesun kaza, na nama, na ƙafar sa ko na kayan ciki. A dafa da citta, tafarnuwa, albasa da daddawa. Romon yana ƙara wa mai shayarwa ruwa a jiki, naman kuma yana ƙara jini. Hanta tana da sinadarin ƙarfe sosai, sau ɗaya a mako ya wadatar.

2. Miyar taushe. Kabewa, alayyahu da gyaɗa suna daskarewa da kyau. Kada a bari ganyen ya yi lugub, domin zai ƙara dahuwa ranar da za a ɗumama.

3. Miyar gyaɗa da zogale, da miyar agushi.

4. Jar miya, wato ta tumatir, tattasai da albasa. Ita ce uwar tanadi: da ita za a ci shinkafa, taliya, doya ko dafa-duka cikin ɗan lokaci.

5. Romon nama zalla da aka dafa da daddawa. Idan akwai shi, miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa ba ta wuce minti goma, sai a tafasa a kaɗa.

6. Dafaffen wake da faten wake. Wake yana cin itace da lokaci, don haka a dafa mudu guda a raba. Yana kuma taimakawa wajen taurin bayan gida da basir, waɗanda suke damun masu jego da yawa.

7. Alale. A bari ya huce, a daskarar, ranar ci a sake turara shi har cikinsa ya yi zafi.

8. Gasarar kunu ko koko da markaɗen gyaɗa. A ƙulla su daidai damu ɗaya ɗaya.

9. Naman suna. Maimakon a bar soyayyen nama a buɗe cikin kwano har ya fara canza wari, a ware kason mai jego tun ranar suna a raba shi ƙanana a sa a firiza.

Abincin da bai kamata a daskarar ba

Tuwo yakan saki ruwa ya farfashe, don haka a tuƙa sabo. Dafaffen ƙwai yakan yi tauri kamar roba. Dankalin turawa cikin miya yakan lalace. Latas, kokwamba da kwaɗon ganye a yi su a ci nan take.

Shinkafa tana da nata sharaɗi. Akwai wata ƙwayar cuta da take rayuwa a cikinta ko bayan an dafa. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi, ƙwayar takan fitar da guba mai sa amai, kuma ɗumamawa ba ta kashe wannan guba. In dai za a adana shinkafa, a baza ta a faranti ta huce da sauri, a sa ta a firiza cikin awa ɗaya.

Yadda za a adana

1. A wanke hannu da sabulu kafin girki da kafin zubawa. Robobi da ludayi su kasance wankakku, busassu.

2. A huce da abinci da sauri. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas. Kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje. A lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, da zafi kan haura digiri 40 a garuruwanmu, kada ya wuce awa ɗaya. A tsoma gindin tukunya a baho mai ruwan sanyi a riƙa juyawa, ko a rarraba miyar a robobi marasa zurfi.

3. A zuba daidai cin mutum ɗaya a kowace roba mai murfi. Idan aka daskarar da tukunya guda dunƙule, dole a narkar da ita duka don a ɗebi ludayi biyu, saura kuma ya shiga haɗari.

4. Kada a cika roba maƙil. A bar wuri kamar faɗin yatsa biyu, saboda ruwa yana kumbura idan ya daskare.

5. Kada a zuba miya mai zafi a baƙar leda. A yi amfani da robar abinci ko farar ledar da aka yi don adana abinci, bayan miyar ta huce.

6. A rubuta sunan abinci da ranar da aka dafa a jikin kowace roba. Wanda aka fara sawa shi za a fara ci.

7. Ɗanyen nama, kaza da kifi su zauna a ƙasa, a ƙulle, dafaffen abinci a sama.

8. Sanyin da ake so a firiza shi ne digiri 18 ƙasa da sifili. Alamarsa ita ce abinci ya yi tauri kamar dutse.

Idan an ɗauke wuta fa?

Wannan ita ce babbar tambaya a wurinmu, kuma a nan ne ake samun matsala. Ku sani cewa firiza ba ta kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai take sa su. Da abinci ya narke ya ɗauki ɗumi sai su farka su ci gaba da yaɗuwa. In wuta ta dawo abincin zai sake daskarewa, ya yi kyau a ido, alhali ya riga ya lalace.

Na taɓa karɓar wata mai jego kwana goma sha biyu da haihuwa, an kawo ta da amai da gudawa, idanu sun faɗa, nono ya ja baya, jariri sai kuka. Da muka bincika, sai ƙanwarta ta ce sun yi kwana uku babu wuta, da ta dawo suka ga miyar ta sake ƙanƙara, ba ta wari, suka ɗan ɗumama mata. Sai da muka yi mata ƙarin ruwa kafin ta dawo hayyacinta. Miyar da aka ji tsoron asararta ba ta kai kuɗin maganin da aka saya ba.

Ga ƙa'idojin da za ku riƙe:

1. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ta tana riƙe sanyi har kusan awa 48. Wadda take rabi, kusan awa 24. Firji kuwa awa huɗu ne kacal. A tsananin zafi ko a tsohuwar firiza mai lalataccen murfi, lokacin bai kai haka ba.

2. A cike gurbin da ya rage da gorunan ruwa su daskare. Su ne za su riƙe sanyi idan babu wuta.

3. A hana yara buɗe firiza don ɗaukar ruwan sanyi. Kowace buɗewa tana rage sanyin.

4. A yi gwajin gora. A zuba ruwa rabin gorar roba, a kwantar da ita ta daskare, sannan a tsayar da ita a cikin firiza. Duk ranar da kuka ga ƙanƙarar ta koma gindin gora, to kayan firizar sun narke sun sake daskarewa.

5. Abincin da har yanzu yake da ƙanƙara a jikinsa, ana iya barinsa ya sake daskarewa, ko a tafasa shi a ci a ranar. Wanda ya narke gaba ɗaya har sanyinsa ya tafi, a zubar. Kada a ɗanɗana don gwaji. Hanci da harshe ba sa gane kowace guba.

6. Masu tayar da janareto don firiza su ajiye shi a waje, nesa da taga da ƙofar ɗakin mai jego. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda take kashe mutane cikin barci.

Yadda za a narkar a ɗumama

Hanya uku ce mai aminci: a sauko da roba daga firiza zuwa firji tun da dare, ko a tsoma ta a rufe cikin ruwan sanyi ana canza ruwan duk rabin awa, ko a juye ƙanƙarar miyar kai tsaye a tukunya a ɗora a wuta kaɗan kaɗan. Kada a ajiye ta a rana ko a bar ta a kicin tun safe har azahar.

A tafasa miya da farfesu sosai, ana juyawa, har tsakiyar nama ya yi zafi. Ɗumi-ɗumi bai isa ba. Sau ɗaya ake ɗumama abincin da aka fitar, abin da ya rage ba ya komawa firiza.

Iyayenmu sukan ce abin sanyi ba na mai jego ba ne, sanyi zai shige ta. Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ba da sanyi za ta ci ba. Farfesun da aka tafasa yana tururi daidai yake da wanda aka sauke yanzu, kuma amfaninsa a jiki yana nan.

Gishiri, kanwa da yaji

Abincin da za a kai wa mai jego a rage masa gishiri da dunƙule. Gishirin da babban mutum yake buƙata a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙule. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa sun isa su ba miya ɗanɗano.

Kanwa ma nau'in gishiri ce. Tana tara ruwa a jiki, tana ɗaga hawan jini, tana ƙara wa zuciya nauyi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawaitar ciwon zuciyar bayan haihuwa a tsakanin mata masu yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna cewa akwai wasu dalilan, ciki har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk da haka, wadda ta yi hawan jini, kumburi ko jijjiga a lokacin ciki ta nisanci kanwa gaba ɗaya. Kunun gyaɗa, kunun tsamiya da kunun gero da madara sun wadatar.

Yaji kuwa a sa daidai misali, musamman ga mai basir ko gyambon ciki. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, don haka kada a sha shi tare da abinci. Lemo, gwaiba, mangwaro ko gwanda bayan cin abinci suna taimaka wa jiki ya ɗauki wannan sinadari. A ci gaba da shan maganin ƙarin jini da aka rubuta a asibiti har mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa. A kuma ajiye kofin ruwa mai tsabta kusa da wurin shayarwa.

Ga wanda ba shi da firiza

Rashin firiza ba ya hana tanadi. Kakanninmu da rana da wuta suke adana abinci. Ana iya haɗa wa mai jego garin kunu na gero, soyayyen waken soya da gyaɗa, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, zogalen da aka shanya a inuwa, kauɗar tumatir, busasshen kifi, dambun nama da ya soyu sosai, ƙuli-ƙuli, riɗi, dabino da yajin daddawa. A zuba su a mazubi mai murfi, a wuri busasshe da ɓera ba ya kaiwa. A tsince gyaɗa da masara da kyau. Duk wadda ta yi fumfuna, ta canza launi ko take ɗaci a zubar, domin tana ɗauke da guba mai lalata hanta.

Ga 'yan barka da maigida

Ke da za ki je barka, sabulu da kayan jarirai suna da kyau, amma roba biyu na miya a mako na biyu ko na uku sun fi su amfani a wurin mai jego. Kafin ki dafa ki tambaya: shin suna da firiza mai aiki? Akwai abin da likita ya hana ta? Tana da ciwon sukari ko hawan jini? Akwai abin da jikinta ba ya karɓa, kamar gyaɗa ko kifi? Ki kai abincin a daskare cikin kula, ki faɗa musu ranar da kika dafa. Ki yi amfani da robar da ba sai an maido miki ba, kuma kada ki zauna har a fara tunanin abin da za a dafa miki.

Kai kuma maigida, ciyar da mai shayarwa haƙƙi ne a kanka. Ka tabbata kason da aka ware mata bai ƙare a bakin baƙi da yara ba. Ɗora tukunya a wuta ka tafasa mata farfesu kafin ka fita ba zai rage ka da komai ba.

Alamomin da za a garzayo asibiti

Abinci ba ya maye gurbin magani. A kawo mai jego nan take, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ruwa mai wari daga gaba, matsanancin ciwon kai ko gani dishi-dishi, jijjiga, haki ko kasa kwanciya saboda numfashi, kumburin ƙafa ko fuska, amai da gudawa da suka ƙi tsayawa. Mai gudawa ta fara shan ruwan gishiri da sukari tun daga gida, ta kuma ci gaba da ba jariri nono. Haka nan idan ta daina cin abinci, tana yawan kuka ko ba ta son kula da jaririn, a sanar da mu.

Ko da lafiya ƙalau take, a kawo ta awo tare da jariri a kwana na biyu zuwa na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako na shida.

Kammalawa

'Yar uwa, idan cikinki ya shiga wata na takwas, yadda kike haɗa jakar asibiti haka za ki zauna da maigida da 'yan uwa ku tsara wanda zai dafa, abin da za a dafa da inda za a ajiye. Duk mai tambaya ta same mu a ɗakin awo ranar zuwanta. Allah ya sauke ku lafiya, ya raya abin da za a haifa, amin.